Yadda ake zaɓen maɗinki a sauya tsofaffin ƙyallayen iska na ƙaramin jirgin ruwa

Jirginmu ƙarami ne, ƙirar Westerly Centaur, tsawonsa ƙafa 26, wato ƙasa kaɗan da mita 8. An ƙera irinsa fiye da dubu biyu a Ingila tsakanin 1969 da 1980, shi ya sa duk lungun da ka leƙa a mashigin Solent, ruwan da ke tsakanin kudancin Ingila da tsibirin Wight, sai ka ga ɗan'uwansa a ɗaure. Ni da wani yayana da muke zaune a Portsmouth muka haɗa kuɗi muka saya, ya kuma zo mana da tsofaffin ƙyallayensa. Ƙyallen iska nake nufi, wanda ake ɗagawa a jikin doguwar sanda, iska ta cika shi ta ja jirgi. Wasu suna ce masa filafili, amma tunda filafili shi ne kuma abin tuƙa kwale-kwale, bari mu tsaya a kan ƙyalle.

Shekara biyu muna fama. Da iska ta ɗan taso sai jirgi ya kwanta gefe, hancinsa na neman juyawa cikin iska, mai riƙe da sandar tuƙi kuwa kafaɗarsa ta gaya masa. Ƙananan jirage suna wuce mu muna kallo. Mun zargi jirgin, mun zargi kanmu. Wani dattijo da yake ɗaure nasa kusa da mu ne ya ɗaga kai wata rana ya ce ba laifin jirgi ba ne, ƙyallenmu ne ya zama buhu. Abin da ke ƙasa shi ne hanyar da muka bi daga wannan rana har sabo ya hau sanda.

Da farko, tabbatar ƙyallen ya mutu ɗin

Ƙyallen iska ba shimfiɗaɗɗen yadi ba ne. Maɗinki yana yanka shi falle-falle, kowane falle da ɗan lanƙwasa a bakinsa, idan aka haɗa sai ya yi tumbi kamar fiffiken jirgin sama. Wannan tumbin ne ke jan jirgi gaba. A sabon ƙyalle, inda tumbin ya fi zurfi yana gaban tsakiya, wajen kashi 40 cikin 100 daga gefen gaba. Yau da gobe yadin na miƙewa, tumbin ya ƙara zurfi ya kuma zame baya. Daga nan ƙarfin iska sai ya koma kwantar da jirgi maimakon jan sa. Ƙyalle kan mutu ta wannan hanya tun yana fari tas, babu ko ɗigon yagewa, shi ya sa masu jirgi da yawa ba sa yarda.

Ga yadda za ka gane. A ranar da iska take matsakaiciya, ka saita jirgi yana hawa iska, wato yana nufar wajen da take fitowa, ka kwanta rigingine ƙarƙashin sandar kwance, wadda ke riƙe gindin ƙyalle, ka ɗauki hoto kana kallon sama. Layukan ɗinki za su nuna maka inda tumbin yake. In ya wuce tsakiya, kuma ka ƙara jan igiyar ɗagawa bai dawo gaba ba, magana ta ƙare.

Sai ka sauke shi ka shimfiɗa a wuri mai tsabta, ka bi shi da hannu. Sabon yadi yana da ƙarfi, yana ƙara kamar shadda da ta sha sitati, saboda ƙaron da aka shafa masa a masaƙa don ya riƙe zaren. Tsoho kuwa laushi gare shi kamar zanen gadon da ya sha wanki. Ka sa farcen babban yatsa ka karce ɗinki: in zare ya tsinke ko ya yi gari, rana ta cinye shi. Ka fi dubawa a gefen baya, don nan ne ya fi shan rana da kaɗawa. In akwai 'yar yagewa, ka ja ta kaɗan da yatsu biyu. In ta bi ka kamar takarda, yadin ya ruɓe, kuma duk faci da ka yi, gefen facin ne zai sake yagewa.

Ba kowane lokaci ne hukuncin kisa ba. In yadi na da rai, ɗinki ne kawai ya gaji, maɗinki zai sake bi ya ƙara maka shekaru da kuɗi kaɗan. In aljihu ba zai ɗauki biyu lokaci guda ba, ka tambaye shi wanne ya fi lalacewa, babban ƙyalle da ke bayan doguwar sanda ko na goshi da ke gabanta, ka fara da shi.

Kafin ka kira kowa, ka zauna da takarda

Ka rubuta gaskiyar yadda kake amfani da jirgin, ba yadda kake mafarki ba. Mu dai yawon ƙarshen mako muke yi, daga Portsmouth zuwa tsibirin Wight mu dawo, wani lokaci da yara. Ba ma tsere, ba ma ƙetare teku. Yayana ya so a rubuta cewa wata rana za mu je Faransa. Na ce, "Yaya, shekara biyu ke nan ko sau ɗaya ba mu kwana a ruwa ba." Ya yi dariya ya ce to a bar wurin.

Ka rubuta mutum nawa ke fita, irin iskar yankinku, da ko ƙyallen goshi naɗe shi ake yi a jikin waya ko sauke shi ake yi a sa a jaka. In jirginka na tsere ne irin su Optimist, ILCA ko Hobie 16, lamarin daban ne: kowane aji yana da dokokinsa na girma da yadi, wasu ma sun ƙayyade wanda aka yarda ya ɗinka. Ka karanta dokar ajinka tukuna, kar ka biya kuɗi a hana ka shiga tsere.

Neman maɗinki

Iri uku ne a kasuwa. Akwai manyan kamfanoni masu rassa a duniya, irin su North Sails da Lowell North ya kafa a San Diego a 1957, da Doyle, da Quantum. Akwai ƙananan shaguna na gari, inda mai shago shi ne zai auna, shi zai yanka, wani lokaci shi zai hau keke. Wannan sana'a tsohuwa ce a nan: gidan Ratsey da Lapthorn na garin Cowes, tsallaken ruwa daga wurinmu, asalinsa tun 1790. Sai kuma masu sayarwa ta intanet, ka auna da kanka ka tura, a ɗinka a aiko maka a kwali.

Kar sunan ƙasar da aka yi ɗinki ya ruɗe ka. Da yawa daga cikin ƙyallayen yawo yanzu a Asiya ake ɗinka su, har na manyan sunaye: North na da masana'anta a Siri Lanka, Hyde na da tasu a Filifin, Rolly Tasker kuma a Phuket ta ƙasar Tailan. Hannun masu ɗinkin ba shi da matsala. Tambayar ita ce wa ya zana, wa ya auna, wa kuma za ka kama in abu bai zauna ba.

A ganina, wanda bai taɓa sayen ƙyalle ba ya nemi maɗinkin da zai iya takowa ya zo jirginsa. Na intanet ya fi araha, babu musu, amma in ka yi kuskuren awo, kuskurenka ne, kuma in daga wajen ƙasa ya zo sai ka lissafa kuɗin jigila da na kwastan da harajin VAT, wanda a Ingila kashi 20 ne cikin 100. Da ka haɗa, ratar kan ragu.

Ka bi masu jirgi irin naka ka tambaye su wa ya yi musu. Kar ka tsaya a kan wanda ya karɓi nasa watan jiya, kowane sabon ƙyalle kyakkyawa ne. Ka nemi mai shekara biyar yana aiki da nasa, ka roƙe shi ya fita da kai. Sannan ka kira uku ka nemi farashi. Ka lura da wanda ya fi yi maka tambaya. Telan da ka ce masa "kaftani" ya ce "dubu kaza" bai ko tashi ya ɗauko tef ba, ka san abin da za ka karɓa. Ɗaya daga cikin waɗanda muka kira ya aiko da farashi cikin minti goma daga ganin sunan jirgin kawai. Wanda muka ɗauka ya riƙe ni a waya kusan rabin awa, har sai da ya ji shekarun yaran da muke fita da su. Ka kuma leƙa shagon in da hali: ka ga daɓen da ake shimfiɗa ƙyalle, ka ga aikin da ke jiran masu shi, ka juya kusurwa ka ga ɗinkin ciki.

Awo, inda kuɗi ke ɓacewa

Masu sana'ar na da haruffa huɗu da za ka yi ta ji. P shi ne tsayin babban ƙyalle a jikin doguwar sanda, E faɗinsa a kan sandar kwance. I da J kuma na goshi ne: I tsayi daga daɓen jirgi zuwa inda wayar gaba, mai riƙe doguwar sanda ta gaba, ta kama sanda, J daga gindin sanda zuwa inda wayar ta kama hancin jirgi. Za ka samu waɗannan lambobi a intanet don kusan kowane jirgi, sun kuma isa a ba ka farashi. Ba su isa a yanka yadi ba. Jirgin da ya shekara arba'in ya ratsa hannun mutane da yawa, wani ya sauya sanda, wani ya ɗaga sandar kwance don kar ta riƙa bugun kansa, wani ya sa na'urar naɗewa.

Kuma kar ka auna tsohon ƙyalle ka ce a yi maka irinsa. Yadinsa ya miƙe, igiyar bakinsa kuwa ta ƙanƙance. Jirgin ake aunawa.

In kai za ka yi, ka samu dogon tef wanda ba ya miƙewa, ka zaɓi ranar da babu iska. Ka ɗaura bakin tef a igiyar ɗagawa, ka kuma ɗaura wata 'yar igiya ta daban a wurin. Wannan 'yar igiya kar ka manta da ita, don in tef ya tsinke igiyar ɗagawa ta maƙale a sama, sai an hau sanda. Ka ja har ƙarshe, ka karanta awo a saman sandar kwance. Ka auna daga bayan doguwar sanda zuwa iyakar inda za a iya jan kusurwar baya. Ka auna ratar da ke tsakanin sanda da ƙugiyar da ke riƙe kusurwar ƙasa. Ka auna nisan wayar da ke riƙe doguwar sanda ta baya, don in maɗinki ya yi wa gefen baya ƙusumbi da yawa zai riƙa gogar wayar a duk juyi. Ka cire ɗaya daga cikin 'yan robobin da ke zamewa a kwarmin sanda ka ba shi a hannu, don girmansu kala-kala ne. Ka ba maɗinki iyakar awo yadda ka gani, ka gaya masa iyaka ce. Shi ya san abin da zai rage don miƙewar yadi. In ka rage shi ma ya rage, sai ƙyalle ya fito ɗangalalle.

A goshi, in kana da na'urar naɗewa, ka auna daga abin da ke juyawa a sama zuwa gangar ƙasa, ka auna kaurin igiyar da ke shiga kwarmin, ka nuna inda igiyoyin jan ƙyalle suke bi a daɓe. Sannan ga wurin da na kusa yin ɓarna. Ƙyallen da ke zama a naɗe ana ɗinka masa wani yadi mai jure rana a gefen baya da ƙasa, a fuska ɗaya kawai, fuskar da za ta kasance a waje in an naɗe. Wace fuska ce, ya danganta da ɓangaren da gangarka ke juyawa. Ni daga gida na cike takarda, na rubuta fuskar dama, da ƙarfin gwiwa kuwa. Da maɗinkin ya zo, bai ce komai ba, ya ja igiyar ya tsaya yana kallon ganga na juyawa, sannan ya ciro biro ya soke abin da na rubuta. Da ta intanet na saya, da an aiko min ƙyallen da kariyarsa ke ciki, farin yadin na waje yana gasuwa.

Yadi da sauran tarkace, da yadda ake karanta farashi

Don ƙaramin jirgin yawo, saƙaƙƙen yadin foliyesta da kowa ke kira Dacron shi ne daidai. Yana jure wulaƙanci, kowane maɗinki na iya facinsa. Akwai na zamani da ake manna falle-fallen leda da zaren kabon ko Kevlar. Sun fi riƙe siffa, sun fi sauƙin nauyi, amma sun fi tsada, ba sa son ninkewa, kuma danshi kan shiga tsakanin fallayen ya yi fumfuna. Sun fi dacewa da masu tsere.

Sai dai Dacron suna ne kawai, kamar ka ce shadda. Akwai mai saƙa a matse, akwai sako-sako da aka cika da ƙaro don ya yi ƙarfi a shago, bayan shekara biyu ƙaron ya zube ya bar ka da buhu. Ido ba ya bambance su suna sababbi. Don haka dole takardar farashi ta faɗi masaƙar da ta yi yadin da sunan samfurinsa. Sanannun masaƙu su ne Dimension-Polyant ta Jamus, Contender ta Holan, Challenge ta Amurka, da Bainbridge, kuma kowacce na da na sama da na ƙasa. Takardar da ta ce "Dacron mai inganci" ta yi shiru, ka mayar a cike. Yawanci bambancin farashi a nan yake ɓoye, araha kuwa ba ta ado.

Nauyin yadi ma ka kula. Amurkawa na auna shi da oza a kan yanki mai inci 28.5 da inci 36, wasu kuma da murabba'in yadi cikakke, sai lamba ɗaya ta zama abu biyu. Ka ce kowa ya rubuta maka da giram a murabba'in mita. Jirgi irin namu, giram 260 zuwa 300 ya wadatar. Mafi nauyi ba shi ne mafi kyau ba, don a iska mai sauƙi zai rataye kamar bargo.

Sauran abubuwan da za ka daidaita kafin ka kwatanta: layukan rage girman ƙyalle in iska ta ƙaru nawa ne (biyu sun ishi mai yawon gaɓa), haƙarƙarin da ake cusawa a gefen baya gajeru ne ko masu ratsa faɗin duka, ɗinki layi nawa ne, da irin zaren. Mu mun zaɓi na sama biyu dogaye, na ƙasa gajeru, don ya rage kaɗawa ba tare da ɗagawa ta yi wuya ba. Ka nemi a sa maka layuka masu launi a faɗin ƙyalle don ganin tumbi, da 'yan zarurrukan da ke nuna yadda iska ke bi. Kuɗinsu kaɗan ne, su ne kuma malamanka.

Girman na goshi, da kashi ake faɗinsa. Mai kashi 100 ya cike tsakanin hanci da sanda, mai 150 ya wuce sanda sosai. Tsofaffin jirage sukan zo da ƙaton mai 150, wanda rabin lokaci a naɗe yake, kuma ƙyallen da aka naɗe rabi siffarsa ta lalace. Maɗinkinmu ya sauko da mu zuwa 130, ya sa soso a gefen gaba don ya riƙe siffa in an ɗan naɗe. Yayana ya ji kamar an rage masa inji. Bayan fita biyu ya daina magana.

Lokacin bayarwa

Bazarar Turai ita ce jajiberin sallar maɗinkan ƙyalle. Wanda ya kai aiki a watan Afrilu, kowa ya san yadda ake ƙarewa da tela a daren salla. Ka ba da aiki daga Satumba, lokacin bajekolin jiragen ruwa na Southampton, zuwa ƙarshen shekara. Shagunan na neman aiki, da yawa suna yin rangwame, ga kuma natsuwa. Amma a yi awo kafin a fitar da jirgi daga ruwa a kwantar da sanda. Yawanci za a nemi ka ba da rabin kuɗi kafin a yanka. Ka sa a rubuta ranar karɓa, da wa zai biya in ana buƙatar gyara, da ko zai zo ranar ɗaurawa.

Ranar ɗaurawa

Da sassafe, kafin iska ta tashi, hancin jirgi na fuskantar inda take fitowa. Kafin ka buɗe jaka, ka zagaya ka naɗe tef a kan duk wani ƙarfe mai tsini, musamman 'yan filolin da ke riƙe wayoyi da bakin hannuwan sanda, ƙarafan da suka fito daga gefen doguwar sanda suna tokare wayoyi. Ka wanke kwarmin sanda. Ka fara kama kusurwar ƙasa ta gaba, sannan ta baya, ka cusa haƙarƙari, ka jera robobi ɗaya bayan ɗaya, wani na ja a hankali kai kana kallo. In ya cije kar a yi masa ƙarfi, a sauke a duba.

Da ya kai sama, ka sauka ka ja da baya ka kalle shi daga nesa. Ya kamata ya bar 'yar rata a ƙoli. Ka zura igiyoyin ragewa ka gwada kowane layi a nan bakin gaɓa, ba a tsakiyar ruwa ba. A goshi, ka duba cewa abin juyawa na sama ya kai kusa da ƙolin. In ya tsaya ƙasa da nisa, igiyar ɗagawa za ta nannaɗe wayar gaba in ka zo naɗewa, abin da kan iya lalata wayar da ke riƙe sandarka. Maganinsa 'yar igiya ce da ake ƙarawa, maɗinki zai yi maka.

Fitar farko ta kasance a iska mai sauƙi. Ka ja igiyar ɗagawa iyakar inda tamoji suka ɓace, kar ka wuce. Hannun da ya saba da tsohon ƙyalle yakan ja da ƙarfin da sabo ba ya buƙata. Ka sake kwanciya ka ɗauki hoto daga inda ka ɗauki na farko, ka tura wa maɗinki, ka kuma ajiye, don da shi za ka riƙa kwatantawa duk shekara. Ka sa alama da fensir inda ƙyalle ke taɓa hannuwan sanda a manna masa faci. Duk abin da bai yi maka ba, ka faɗa a makon farko.

Daga nan sai kiyayewa. Abu uku ke cin ƙyalle: rana, kaɗawa, da gishiri. Ka rufe babban ƙyalle duk lokacin da ka sauke, ko da gobe za ka dawo. Kar ka kunna inji ka fuskanci iska ƙyalle na faf-faf, minti goma na wannan ya fi yinin tafiya ɓarna. Ka rage shi da wuri in iska ta ƙaru, ka sassauta igiyoyi in kun dawo. Da sanyi ya shigo ka cire duka, ka ɗauraye da ruwan famfo, su bushe sarai, ka kai shago a duba ɗinki, ka ajiye inda ɓera ba zai kai ba.

Tsohon na goshi mun ninke shi yana ƙarƙashin gadon gaba, ko da wata rana. Babban kuwa matar yayana ta karɓe, an yanke shi an yi rumfa a bayan gida, har yanzu lambar jirgin na jikinsa a juye.